Kada ki cire sunayen nan daga jadawalin

Ƙanwata, tun da asuba na ga tambayarki, amma sai yanzu na iya zama in amsa, don ta tayar mini da wani miki da na ɗauka ya warke. Kin ce kina gyara muƙala a Wikipedia a kan wani albam, waƙoƙi uku a ciki an yanko kiɗansu daga tsofaffin waƙoƙi, kuma wani ya ce miki sunayen marubutan tsofaffin waƙoƙin sun cika jadawalin waƙoƙin albam ɗin, ki share su ki bar na mai albam kaɗai tunda gyaran rubutu kike yi. Don Allah kada ki share.

Irin wannan sharar aka yi mini, shekara uku ke nan. Wani yaro mawaƙi a nan Gombe ya fitar da albam, a waƙa ta huɗu ya ɗauko amshin wani dattijo na Kumo wanda ya rasu tun ina makarantar sakandare. Yaron bai ɓoye ba, a bayan kwalin faifan ya rubuta sunan dattijon da ƙananan baƙaƙe, ya ce amshi da karin nasa ne. Ni na fara muƙalar a Wikipedia ta Hausa. Sai da na hau mota daga Pantami har Kumo don in ga tsohon kaset ɗin da idona, aka ciro mini shi daga cikin wata kwalla, a naɗe a leda, bangon ya yi ja saboda tsufa, hoton marigayin riƙe da kukuma har ya fara gogewa. 'Yarsa ce ta ciro, ita ma ta manyanta. Da na gama rubutu na koma na nuna mata a waya. Ba ta karanta boko sosai, amma ta san siffar sunan mahaifinta, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ashe Baba ya shiga intanet." Ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Bayan sati biyu wani daga cikinmu masu rubutu a Wikipedia, ba zan kama suna ba, ya shiga muƙalar ya rubuta a gurbin da ake bayyana dalilin gyara wai "gyaran rubutu". Ya cire sunan dattijon, ya sa kalma ɗaya a madadinsa: gargajiya. Bai yi mini magana ba, bai buɗe shafin tattaunawa ba, wato inda masu gyara ke musayar ra'ayi a kan muƙala. Na mayar, ya sake cirewa. Sai a wajen taron horaswa, gaban yara sababbi kusan ashirin, ya ce akwai masu cusa sunayen 'yan'uwansu a muƙala don neman suna. Wallahi ba ni da dangantaka da mutanen nan ko ta makwabtaka. Na zauna a kujerar roba ina jin kunnuwana suna zafi, bakina ya ƙi buɗuwa, ga hoton kwalin faifan a wayata a aljihu amma na kasa cirowa. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Jikan 'yar dattijon ya kira ni ya ce kakarsu ta tara mata a gidan suna za ta nuna musu, aka buɗe, aka duba sama da ƙasa, babu sunan. Ta ce ko dai an gano Baba bai cancanta ba ne. Har yau idan na tuna wannan maganar sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Shi kuwa mutumin ko a jikinsa, har yanzu muna haɗuwa yana miƙo mini hannu.

Kalmar nan ta "gargajiya" ita ce ramin da muke binne mutanenmu a ciki. Akwai waƙoƙin da da gaske ba a san mai su ba, na daɓe da na niƙa da na gaɗa, waɗannan a rubuta musu haka babu laifi. Amma waƙar da aka san wanda ya yi ta, 'ya'yansa na raye, don kawai da kalangu ko kukuma aka yi ta ba a situdiyon zamani ba, sai a ce ta kowa ce? Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wa waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Mu da marubuta waƙoƙinmu tun da can suke sa sunansu a baitin ƙarshe don kada a manta da su, bai kamata a ce mu ne masu gogewa ba.

To, ga abin da na koya da wahala. Mai rera waƙa daban, marubucinta daban, kuma nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Dubi "Last Last" ta Burna Boy a albam ɗin Love, Damini na 2022. Kowa ya san an yanko ta daga waƙar Toni Braxton ta shekarar 2000, amma idan kika duba marubuta za ki ga Rodney Jerkins da Fred Jerkins III da LaShawn Daniels da Harvey Mason Jr., domin su suka rubuta tsohuwar waƙar, ita ta rera. Saboda haka a gurbin marubuta sunayen da masu albam suka lissafa za ki sa, duk yawansu, ko da goma ne. Sunan wanda ya rera tsohuwar waƙar kuma ki kai shi ƙarƙashin jadawali, a ɗan layi guda: waƙa ta kaza ta ƙunshi yankin waƙar wane, wadda su wane suka rubuta. Jadawalin ba zai yi muni ba, mai karatu kuma ya samu duka biyun.

Ki kuma tantance ko ainihin sautin tsohon faifan aka yanko aka liƙa, ko kuwa sake kaɗawa da rerawa aka yi. Na farko yana taɓa haƙƙi biyu, na mai faifan da na marubucin, na biyu kuwa na marubucin kaɗai. Kada ki rubuta "an yanko" alhali sake rerawa aka yi, masu kunnen kiɗa za su kama ki. Yaron nan namu ma sake rerawa ya yi, ni kuma da farko na rubuta yanka, wannan kuskurena ne kuma na gyara.

Sai dai akwai inda zan ja miki kunne, don ni ma zuciya ta taɓa ɗibata. Idan kunnenki ya ji aro amma masu albam ba su rubuta sunan ba, kada ki cusa shi a jadawali da kanki. Ki nemo jarida ko hira da ta faɗa, ki sa a cikin jikin muƙala. Manu Dibango na Kamaru ya yi "Soul Makossa" a 1972, amshinsa ya fito a waƙar Michael Jackson ta albam ɗin Thriller a 1982, daga can ya sake fitowa a waƙar Rihanna ta 2007, har ya kai ƙara a Faransa a 2009. A jerin marubutan waƙar Rihanna sunan Jackson ne yake, ba na Dibango ba. Mai rubuta muƙala ba ya da ikon sauya wannan jerin, amma yana da ikon ba da labarin rigimar da madogara. Da zafi, na sani, amma haka aikin yake.

Af, kada ki ɗora hoton kwalin faifan a Commons, rumbun da Wikipedia ke ɗaukar hotuna, za a goge shi tunda ba naki ba ne. Ki ajiye shi a wayarki, ki ambaci kwalin a manazarta da sunan albam da shekara da kamfanin da ya fitar. Idan albam ɗin yana Spotify ki duba wajen da suke nuna marubuta, sai dai yaranmu na nan da yawa ba sa cike gurbin, sunansu kaɗai suke sawa, don haka kwali ko hirar rediyo ta fi. Wannan ma wani ciwon ne, furodusoshinmu su karɓi kuɗin situdiyo amma ba mai zaunar da yaro ya ce masa rubuta sunan wanda ka ara.

Maganar gyaran rubutu kuwa, ki raba ta gida biyu. Ki fara da baƙaƙe masu ƙugiya, da raba kalmomi da haɗe su, irin "ya na" da ya kamata ta zama "yana", da waƙafi da aya, ki adana wannan shi kaɗai. Duk abin da ya taɓa suna ko shekara ko tsawon waƙa ki yi shi a gyara na dabam, ki rubuta dalili a fili. Sunan mutum kuma ki bar shi yadda mai shi yake rubutawa. Mai gyaran rubutu ba ya cire bayani, ranar da ya cire ya tashi daga gyaran rubutu, kuma wanda ya yi mini ya san haka sarai, ya daɗe a harkar nan fiye da ni.

Idan wanda ya ba ki shawarar ya cire bayan kin sa, kada ki biye masa ku yi ta ja-in-ja kamar yadda na yi. Ki je shafin tattaunawa ki ajiye hujjarki, ki kira mutum biyu su duba. Ni wata huɗu na yi ina fushi kafin in yi haka, da na yi kuwa kwana biyu aka mayar da sunan. Na sake komawa Kumo na nuna wa 'yar dattijon, ta duba ta ce to, amma ba ta ƙara kiran kowa ya gani ba.

Turo mini sunan albam ɗin da waƙoƙin ukun, bayan sallar isha'i zan zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.