Baba Ya Ƙi Zuwa Gashi Tun Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Tambaya: Wata huɗu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya daina zuwa gashi (motsa gaɓoɓi a asibiti), abinci sai an matsa, kullum cewa yake ya zame mana kaya. Me za mu yi? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ya yi kama da ciwon damuwa, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 3 bayan shanyewar jiki. Idan ƙunci, rashin barci da ƙin abinci suka haura mako 2, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya, Gombe. Maganin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya kama sosai. A wannan tsakanin ne da yawa ke yar da shi.

A gida, ku daina yi masa abin da zai iya yi da kansa. Tausayin ne ke ƙara karya masa zuciya. Ku bar shi ya riƙe buta ko ya sa hula da kansa, ko zai ɗau minti 10. Ku nemi shawararsa kan cefane da gona. Idan ya ambaci son mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a ga likita a ranar.