Tambaya da Amsa: Na biya kuɗin gem an rufe mini akawun, Linux ce ta jawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau. Laftof ɗina Beljiyam ce, ba ta ɗaukar Windows 11, shi ya sa na saka mata Linux Mint a madadin Windows. Wata uku da suka wuce na sayi akawun na Steam, shagon sayar da gem na intanet, wurin wani mutum a WhatsApp, naira 15,000, da gem takwas a ciki. Biyar sun tashi, uku sun ƙi. Shekaranjiya kuma aka fitar da ni, kalmar sirrin ta daina shiga. Mutumin ya ce wai Linux ɗin da nake amfani da ita ce ta sa kamfani ya rufe, in turo 5,000 ya buɗe mini, sannan in koma Windows. Wallahi daga kuɗin abincina na cire, hankalina a tashe yake. Tunda na biya, ba nawa ba ne? In tura masa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura masa ko sisi. Allah Ya mayar maka da alheri, amma 15,000 ɗin nan ka sa a ranka ta tafi, 5,000 da yake nema kuwa ragowar abin da ya ga zai iya tatsa ce.

Maganar Linux ƙarya ce tsagwaronta. Valve, kamfanin da ke da Steam, shi ne da kansa ya fitar da manhajar Proton a 2018 domin gem ɗin Windows su yi aiki a kan Linux. Na'urarsu ta hannu, Steam Deck, da ta fito a 2022, da Linux take tafiya. Yaya za a yi su rufe maka akawun don ka hau hanyar da su suka share? Ukun da suka ƙi tashi matsalarsu daban, zan zo kanta. Abin da ya fi damuna shi ne kalmarka ta ƙarshe, "tunda na biya, ba nawa ba ne?", domin kusan kullum sai na ji ta a bakin wani a shagona, kuma ita ce ƙofar da ake bi ana cutar yaranmu.

Ko wanda ya je Steam da kansa ya biya da katinsa, bai mallaki gem ba. Lasisi ya saya, wato izinin bugawa, kamar gonar aro: ka noma, ka ci amfaninta, amma ba ka da ikon sayar da ita, mai ita kuma yana nan. Yarjejeniyar da kowa ke danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba ta faɗa ƙarara cewa akawun na mutum ɗaya ne, ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta. A 2024 ma sashen taimakon Steam ya shaida wa wani mai tambaya cewa ko gado ba a bar wa magada shi. A shekarar ce jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka kan shagunan da ke rubuta "saya" alhali lasisi suke bayarwa, daga nan Steam ya fara rubuta wa mutum a wurin biyan kuɗi cewa lasisi yake saye. Kamfanin Ubisoft kuwa ya nuna wa duniya abin a aikace: gem ɗinsu na tseren mota, The Crew, da ya fito a 2014, sun kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfani da gem ɗin ke dogara da ita, a ƙarshen Maris 2024, waɗanda suka biya kuɗinsa suka tashi a tutar babu, har mai faifai a hannu.

To idan wanda ya biya kamfani kai tsaye aro ne a hannunsa, kai da ka saya wurin ɗan aron me ke hannunka? Kalmar sirri kawai. Makullin ɗaki ya sayar maka, takardun gida suna aljihunsa.

Bari in gaya maka yadda suke yi, don na ga abin har na gaji. Akawun yana ɗaure ne da imel ɗin farko da aka buɗe shi da shi, da lambar waya, da shaidar sayayyar farko. Duk waɗannan suna wurinsa. Ko ka canja kalmar sirri, ko ka canja imel, rana ɗaya zai rubuta wa Steam ya ce an sace masa akawun, ya nuna rasit, a mayar masa. Kai fa, me za ka nuna? Alat ɗin Opay da hirar WhatsApp? Waɗannan ai shaida ce a kanka cewa ka karya yarjejeniya. Wasu ko wahalar nan ba sa yi, akawun ɗaya suke sayar wa mutum goma ko ashirin, su ce wa kowa "ka sauke gem ɗin ka kashe data, kada ka taɓa saitin komai". Da ka ji wannan sharaɗin ka san ba kai kaɗai ba ne a ɗakin. Wani akawun ɗin ma sato shi aka yi daga wani bawan Allah a wata ƙasa, wani kuma da katin banki na sata aka cika shi da gem, ranar da banki ya janye kuɗinsa a ƙulle shi. Akwai wani yaro da ya zo mini daga Kaura Namoda, ya sayi irin wannan akawun, ya ji daɗinsa, har ya riƙa tara kuɗi yana sayen gem na halak yana zubawa a ciki. Shekara guda cur. Ranar da aka ƙwace, da na aron da nasa duk suka tafi tare. Yana tsaye gabana yana cewa in yi wani abu, ni kuwa ba abin da zan iya sai ba shi haƙuri.

Abin da ke ƙona mini rai, masu wannan sana'a ba baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne, wasu har da rumfa da allon talla, suna kiran kansu injiniyoyi. Sun san sarai abin da suke miƙa wa yaro ba nasu ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, wannan kuwa ko ɗan Islamiyya ya sani. Ka karɓi kuɗin abincin ɗalibi, ka ƙwace kayan, sannan ka dawo ka ɗora laifi kan Linux don ka san ba shi da wanda zai tambaya! Ku ji tsoron Allah. Ku kuma masu saye, gem takwas a 15,000 bai sa kun tsaya kun yi tunani ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ban ce ba ku da uzuri ba. Na san tsadar. Babban gem sabon fitowa dala 60 ne shekara da shekaru, daga 2020 aka fara kai shi 70, a 2025 Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 80. Steam ba shi da farashin naira, da dala muke biya. In ka lissafa dala a 1,500, gem na dala 70 ya kama 105,000, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne. Ga kuɗin data, don wani gem ɗin ya haura gigabait 100. Wannan kuka ne na gaskiya, sai dai maganinsa haƙuri ne da sanin lokaci. Buɗe akawun kyauta ne, ka buɗe naka da imel ɗinka da lambarka, ka kunna Steam Guard, ƙarin tsaron akawun, a waya. Ana babban rangwame wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, gem ɗin da ya shekara biyar yakan faɗo ƙasa da dala goma. Shagon gem na Epic na raba gem kyauta duk mako, a Linux kana karɓarsu ta manhajar Heroic. Dota 2 da Counter-Strike 2 kyauta ne kuma suna tashi a Linux kai tsaye ba tare da Proton ba.

In kuma abin da ya fi kusa da mallaka kake so, ka duba GOG, wani shagon gem na intanet. Su gem ɗinsu ba shi da makullin DRM, wato kariyar da ke hana kwafa ko buɗe gem sai da izinin kamfani, suna ba ka fayil ɗin girkawa ka sauke ka ajiye a filash ko faifan waje. A takarda shi ma lasisi ne, amma ba wanda zai shigo ɗakinka ya goge shi. Mu mutanen Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani kan amfanin wannan ba. A Satumbar 2021 aka kashe sabis a jihar nan, muka yi makonni ba kira ba data. Gem ɗin da sai ya gaisa da sabar kamfani kafin ya buɗe, a irin wannan lokaci hoto ne kawai a allo.

Sai ukun da suka ƙi tashi. Ba ka faɗi sunayensu ba, amma dalili bai cika wuce biyu ba. Na farko manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin ƙashin bayan Windows, wadda masu ita suka ƙi buɗe wa Linux ƙofa. Fortnite, Valorant da EA Sports FC duk ba sa yi, Apex Legends da GTA Online da suna yi, a 2024 aka toshe su. Waɗannan ba dabarar da za ta tashe su, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya gyara maka, ɗan'uwan mai akawun ɗinka ne. Na biyu katin hoto: Proton ya dogara da Vulkan, wata fasahar da gem ke magana da katin hoto ta cikinta, tsofaffin laftof masu Intel HD kuwa da yawansu Vulkan ɗinsu bai cika ba. In katinka Nvidia ne, ka shiga Driver Manager na Mint ka saka direban kamfanin. Nan gaba kafin ka biya kuɗin kowane gem, ka rubuta sunansa a shafin intanet na ProtonDB ka ga rahoton waɗanda suka gwada. In ka saya a akawun ɗinka ya ƙi, Steam na mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi awa biyu ba.

Yau ɗin nan ga abin da za ka yi. In ka taɓa saka katinka na banki a wancan akawun, ka je banki a toshe shi a ba ka sabo. In kalmar sirrin da ka sa masa ita ce ta imel ɗinka ko Facebook, ka canja su kafin ka kwanta. In mutumin ya taɓa turo maka wani fayil ya ce ka buɗe don "kunna" gem, ka kwashe takardunka na makaranta ka sake girka Mint daga farko, domin ɓarnar da aka rubuta wa Windows tana iya tashi ta Wine, manhajar da ke tada kayan Windows a Linux, ta taɓa fayilolinka. Ka adana hotunan hirarku da alat ɗin, ka kai ƙorafi bankin da ka tura kuɗin ta cikinsa. Sannan ka turo mini sunayen gem ukun da samfurin laftof ɗin, in duba maka wanda zai tashi a cikinsu kafin rangwame mai zuwa.