Hukuncin sayar da motar alfarma "a yadda take" bayan an goge fitilar gargaɗi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Shekara uku da suka wuce na sayi babbar jif ƙirar Turai, samfurin 2012, mai silinda takwas, irin wadda ke tsayawa a kan iska. Yanzu hidimarta ta fi ƙarfina. Idan ta kwana, gabanta na dama yakan zauna, sai an tayar da ita ta ɗaga. Da safe kuma injin yana wata ƙara ta 'yan daƙiƙu, bakanikena ya ce sarƙar injin ce. Ya ba ni shawarar in rabu da ita, ya zuba mata baƙin mai mai kauri, ya goge fitilar gargaɗi da kwamfuta. Dillali ya kawo mai saye, ya zagaya da ita, ya yaba, ya ba da kafin alƙalami, aka rubuta cewa an sayar a yadda take, ba dawowa. Wani abokina ya ce akwai mazhabar da ta halatta haka, kuma ai duk mai sayen irin wannan mota ya san tana da cin kuɗi. Shin kuɗin halal ne? Niyyata in cika in sayi ta 2016, kodayake ban biya kuɗin makarantar yara na zangon nan ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya tun ba ka karɓi cikon kuɗin ba, domin har yanzu gyaran al'amarin yana hannunka.

Mallakar mota mai tsada halal ne, sayar da tsohuwar mota ma halal ne, haramcin algus kuwa ba sai an karanta maka ba. Hukuncinka ya rataya ne a kan kalmomi biyu da ka faɗa da bakinka: "ya zuba" da "ya goge". Ka san aibin, ka san sunansa, sannan aka yi aiki da yardarka domin kada ya bayyana. Wannan shi malamai ke kira tadlisi, kuma ya fi yin shiru nauyi.

Amma mu fara raba abu biyu da abokinka ya cakuɗa. Tsadar hidima ɗabi'ar jinsin motar ce. Injin silinda takwas yana shan kusan lita 8 na baƙin mai a kowane juye, kuma mai na musamman yake so. Tayoyinta manya ne, birkinta yana saurin cinyewa saboda nauyi, man giyabos nata ba a sa masa kowane iri. Kayan gyaranta da dala ake shigo da su, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka saki naira a watan da ya biyo baya, masu irin waɗannan motoci sun ji a jikinsu. Duk wannan ba aibi ba ne a shari'a, bai wajaba ka zauna kana lissafa masa ba, sai idan ya tambaye ka, to a nan dole ka faɗi gaskiya. Aibi shi ne abin da ya keɓanci wannan motar taka, wanda lafiyayyar 'yar uwarta ba ta da shi, kuma yake rage mata daraja a wurin masu sana'a. Ma'aunin da Ibn Abi Zaid ya kafa a Risala shi ne: bai halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya ambata mai saye zai ƙi ta, ko ya rage kuɗi. Auna abubuwan nan biyu naka da wannan ma'auni.

Zaman da take yi in ta kwana alama ce ta yoyon iska. Motocin da ke da wannan tsari, irin su Range Rover da manyan Mercedes masu Airmatic da wasu Audi, a kan jakunkunan roba huɗu suke tsaye, kwamfureso yana cika su, na'urori a jikin kowace ƙafa suna auna tsayi. Roba tana tsufa, zafinmu da ƙurarmu suna gaggauta tsagewarta. Da zarar jaka ɗaya ta fara yoyo, kwamfureso zai riƙa aiki babu hutu har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Kuma masu aikin kirki ba sa canza jaka ɗaya, dama da hagu suke canzawa tare. Wanda ya zo da rana ya tarar an riga an tayar da mota ba shi da hanyar ganin wannan.

Na sarƙar ya fi muni. Ƙarar nan ta safiya tana nufin abin da ke ɗame sarƙar ko robobin da take bi a kansu sun cinye, sai man ya hau sannan ta lafa. Baƙin mai mai kauri, irin 20W-50, yana dusashe ƙarar ne kawai a injin da aka ƙera don mai marar kauri, kuma yana jinkirta isar mai zuwa saman injin a lokacin da ya fi bukatarsa. Ranar da sarƙar ta yi tsalle, fistin yana iya dukan bawul, kuma sau da yawa maganar ta koma ta sayen wani injin. Idan hakan ta faru yana tsakiyar wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya da iyalinsa a ciki, ba maganar dukiya kaɗai ake yi ba.

Misalin abin da bakaniken ya yi yana nan a sunna. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya na kwanaki domin hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayar da ita. Mai dabbar nan bai furta ƙarya ba, hantsar ce ta yi masa ƙaryar. Haka dashbod ɗinka da babu fitila ko ɗaya yake gaya wa mai saye abin da ka san ba gaskiya ba ne.

Yanzu ga maganar abokinka, kuma tana da asali, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta. Malaman Hanafiyya suna ganin idan mai sayarwa ya shar'anta cewa ya kuɓuta daga kowane aibi, mai saye ya yarda, to sharaɗin ya inganta, ko aibin sananne ne ga mai sayarwa ko a'a. Hujjarsu ita ce mayar da haja haƙƙin mai saye ne, yana iya yafe shi, kuma yafe haƙƙin da ba a san adadinsa ba ya halatta. Suna kafa dalili da hadisin mutum biyu da suka yi jayayya kan tsohon gado da shaidarsa ta ɓace, aka umarce su su raba, su nufi gaskiya, kowa ya yafe wa ɗan'uwansa.

Wannan ra'ayi bai kuɓutar da kai ba. Mutanen nan biyu na gado dukansu a duhu suke, babu wanda ya san abin da ɗaya bai sani ba. Kai kuwa kana da sani, shi ba shi da shi, kuma yardar da ya yi a kan abin da idonsa ya gani ya gina ta, alhali an shirya abin da idon zai gani. Sannan akwai hukuncin Sayyidina Usman da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da sharaɗin kuɓuta daga aibi, mai saye ya dawo ya ce yana da ciwon da ba a faɗa masa ba. Usman bai ce ai an yi sharaɗi magana ta ƙare ba. Ya ce Ibn Umar ya rantse cewa bai san da ciwon ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Da a ce sharaɗin yana rufe har abin da mutum ya sani, da neman rantsuwar ba shi da ma'ana. Kai za ka iya wannan rantsuwar? Kuma abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne, Hanafiyya ɗin ma magana suke a kan ko alƙali zai warware ciniki. Ɓoye aibi da gangan haram ne a wurinsu kamar yadda yake a wurin kowa. Babu wani imami da ya ce ka rufe aibi da hannunka sannan ka fake da takarda.

Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya ya ma taƙaita wannan sharaɗi ga cinikin bayi, kuma ga aibin da ba a sani ba. Abin da nake ba da fatawa da shi a cinikin tsofaffin motoci shi ne ra'ayin da Ibn Taimiyya ya zaɓa: sharaɗin yana amfani a kan abin da mai sayarwa bai sani ba, domin motar da ta haura shekara goma babu wanda zai iya lamunce duk abin da ke cikinta. Abin da ya sani kuwa sai ya bayyana. Bayyanawar ma malamanmu sun ce ba a dunƙule ta: ko ka siffanta aibin, ko ka nuna shi. "Tana da 'yan gyare-gyare", ko abin da dillalai ke cewa na "ƙarfe muka sayar maka", ba ya wadatarwa.

Saboda haka ka kira mutumin nan kafin ya kawo ciko. Ka sa a juye man nan a mayar da wanda littafin motar ya ambata. Ka ce ya zo da sassafe da nasa bakaniken, motar ta kwana ba a taɓa ta ba, ya ga zaman da idonsa, ya ji ƙarar da kunnensa. Ku rubuta aibin biyu da sunansu a takardar. Idan an taɓa cire mata abin nan na salansa da ake kira indomi, ko an taɓa mitar kilomita, ko takardar kwastam ba ta cika ba, su ma su shiga. Bayan haka ku daidaita sabon farashi, sharaɗin "a yadda take" ya rufe sauran abin da ba ka sani ba. In ya fasa, kafin alƙalaminsa nasa ne gaba ɗaya.

Ka kuma san abin da ke kanka idan ka ci gaba a haka. Duk ranar da ya gano, yana da damar dawo da motar ya karɓi kuɗinsa cif. Idan injin ya mutu a hannunsa ta sanadin aibin da ka ɓoye, a mazhabarmu asarar taka ce, ba ya biyan komai. Idan kuwa ta fita daga hannunsa ta yadda ba za ta dawo ba, za ka biya shi bambanci bisa kaso: in lafiyayya tana miliyan 20, mai aibin tana 16, to ɗaya bisa biyar na abin da ya biya ka za ka mayar. Gogewar ma ba ta ɓoyuwa ga wanda ya iya aiki, domin kwamfutar motar tana riƙe lissafin kilomitan da aka yi tun bayan gogewa, kuma fitilar za ta dawo da kanta bayan 'yan tafiye-tafiye. Bakaniken da ya goge, da dillalin in ya sani, suna da kamasho a zunubin, ka gaya musu cikin mutunci.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi damuna a wasiƙarka. Kana shirin fita daga wannan ka shiga ta 2016 alhali kuɗin makarantar yara yana kanka. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin jin daɗin mutum a duniya, amma motar da ke kwana a gareji tana cin abincin iyali ba ita ake nufi ba, kuma shi ne ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyar da shi ke wuyansa. Kuɗin sayen irin wannan mota shi ne mafi sauƙi a cikin lissafinta. Ta 2016 ma robarta ta tsufa, na'urorinta sun fi yawa, kuma kayanta da dama ba a samun nagari a Ƙofar Ruwa ko Panteka sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ko an yi odar su daga waje, motar tana ajiye ana jira. Kafin ka taya ta, ka je ka tambayi farashin jakunkunan iska biyu, da kwamfureso, da tayoyi huɗu, da juye uku, ka haɗa. Idan ba za ka iya ajiye wannan adadin a gefe ba tare da taɓa abinci da haya da makaranta ba, to sayenta a halinka israfi ne, ko da ga wani ba israfi ba ne. Daga kuɗin wannan cinikin ka fara biyan makarantar yaran, abin da ya rage ka nemi mota mai sifirin na ƙarfe wadda kowane bakanike a garinku ya san cikinta.

Wallahu a'alam.