Tambaya da Amsa: Takobin Bango da Takobin Hannu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina fatan kuna lafiya, ya ruwa? Ni tela ne a Idi-Araba. Wata shida ke nan ina zuwa Surulere duk Asabar ina koyon wasan kare kai irin na Japan, yanzu malaminmu ya ce za mu fara darasin takobi. Ina da takubba uku. Biyu saye na yi a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, ɗaya samfurin Japan mai zanen dodo a kube, ɗaya irin namu mai adon jar fata. Na ukun na kakana ne, da shi yake hawan Sallah a Zariya, mahaifina ya ba ni da zan taho Legas, ga shi ya fara tsatsa. Wanne zan kai wajen koyo? Kuma in goge na kakan da sanfefa in kai a wasa shi?

Ɗanku, daga Idi-Araba.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, ruwa ya yi gyara. Kada ka kai ko ɗaya daga cikin ukun, kuma don Allah ka ajiye sanfefar nan.

A gidan ƙira aka haife ni a Kano, zuga-zugi na fara ja tun kafin a sa ni allo, kuma na haura shekara 30 ina aikin ƙarfe a Agege. Abin da ya sa na amsa maka da sauri haka wani abu ne da na gani da idona. Wani yaro ɗan maƙwabcina ya sayo takobi irin naka mai zanen dodo, ya fito tsakar gida da la'asar yana wulwula shi. A sara na uku ko na huɗu ƙotar ta zauna a hannunsa, ruwan takobin ya fita shi kaɗai, ya bugi ƙyauren langa-langa ya tsaga shi. Ƙanwarsa tana tsugune tana wanke-wanke, tsakaninta da ƙyauren bai kai taku biyu ba. Da aka kawo mini guntayen na kwance ƙotar, sai na tarar da wani siririn rodi, kaurinsa bai wuce na fensir ba, an ɗiga masa walda sau ɗaya a gindin ruwan, an ɗaure shi da noti a ƙarshe. A kan ɗigon waldar nan ya ɓalle. Har yau guntun yana cikin akwatin kayan aikina, ina nuna wa duk wanda ya zo mini da irin tambayarka.

Takobin da aka ƙera domin hannu, ruwansa da wutsiyarsa da ke shiga cikin ƙota ƙarfe ɗaya ne, babu mahaɗi, kuma wutsiyar tana da faɗi. A na Japan na ainihi za ka ga ƙusar gora ta ratsa ƙotar ta bi ta cikin wutsiyar, ana iya fitar da ita a duba. Na bango kuwa babu ruwan mai ƙera shi da abin da ke ciki, domin ya san ido kawai zai kalla. Kyan ɗan maciji ke nan.

Sai ƙarfen kansa. Yawancin masu ƙyallin nan da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su, dangin na cokali da wuƙar kicin, wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. A gajeriyar wuƙa ba shi da laifi. Amma in aka ja shi ya kai tsawon takobi, ba ya jure bugu, karyewa yake yi ɓal, guntun ya tashi duk inda ya ga dama. Takobin aiki da ƙarfe mai kabon ake yin sa, za ka ji masu sayarwa suna kiran lambobi irin su 1045 da 1060 da 1095, lambobi biyun ƙarshe su ne yawan kabon ɗin, wato 1060 yana da kashi 0.6 cikin 100. Akwai kuma 5160, ƙarfen sifirin mota, wanda maƙeranmu suka daɗe da sanin darajarsa. Ko shi ma sai an gasa shi ya yi ja, an tsoma a mai, an sake ɗumama shi a hankali, sannan yake lanƙwasa ya dawo daidai. Wanda bai sha wannan aikin ba, in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan.

Na biyun naka mai jar fata ina jin na san irinsa. 'Yan'uwanmu ne ke ƙera su, dukawa su yi musu kube mai kyau, kuma sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Amma don baƙi da adon falo ake yin su, sau da yawa daga farantin ƙarfe mai taushi ake yanko ruwan. Ka tambayi mai sayarwar tsakani da Allah, shi ma zai gaya maka na rataye ne.

To me za ka kai Surulere? Itace. Su kansu Japanawa da takobin katako suke fara koyo, wanda suke kira bokken, galibi na icen oak. Masu kendo, wato wasan karawa da takobi na Japan, da shinai suke dukan juna, tsagin gora huɗu ne aka ɗaure, kuma sai sun sa kariyar fuska da ta ƙirji da ta hannu. Masu koyon zarewa da mayarwa a kube suna riƙe iaito, wanda ba shi da kaifi, yawanci haɗin zinki da alminiyam ne, shi ma iska kawai ake sara da shi, ba a haɗa shi da wani takobi. Mai kaifi sai bayan shekaru, kuma a gaban malami. Idan malaminku ya ce ku zo da ƙarfe mai kaifi a darasin farko, ka nemi wani malamin. Ka tambaye shi tsawo da nauyin da yake so, in ba ka samu na saye ba kafinta mai hankali zai fafe maka daga itace mai tauri marar gaɓa, a goge shi sumul don kada sartse ya shige ka. Wani abu kuma: sandar katako a cikin jaka ba ta tayar wa kowa da hankali a danfo, amma ƙarfe mai kaifi a titin Legas, da yadda rikicin 'yan ƙungiyar asiri ya sa jami'an tsaro suke sa ido, zai iya kai ka inda ba ka yi niyya ba. Doka ma ta hana yawo da makami a bainar jama'a ta yadda zai tsorata mutane.

Yanzu na kakanka, wanda shi ne ya fi damuna.

Ka zare shi da rana ka duba. Takobinmu miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, sau da yawa da kwari uku a tsakiyar ruwan, ƙarshensa kuma a zagaye, irin wanda Buzaye suke ratayawa. Kusa da ƙota wataƙila ka ga tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuska. Ruwan takubba da yawa a da daga garin Solingen na Jamus suke zuwa, su ƙetaro Sahara a bayan raƙuma daga Tarabulus, a Kano a sa musu ƙota da kube. Bature Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar da wannan cinikin yana gudana. Maƙeranmu ma sun riƙa buga irin tambarin a nasu, saboda haka tambari kaɗai ba ya nuna asali, amma yana cikin abin da masana ke karantawa. Sanfefa za ta cinye shi cikin minti biyar, dutsen washi kuma ya cinye sauran. Na sha ganin takobin gado da aka goge ya yi fes kamar faranti, mai shi yana murna, ni kuwa zuciyata tana ƙuna, domin baƙin nan da ya kwanta a jikin tsohon ƙarfe shi ne shekarunsa. Ka ga yadda Daura take riƙe da takobin Bayajida, Katsina take riƙe da takobin sarautarta Gajere. Na gidanku ma a wurinku haka yake. Kuma fatar ƙotarsa ta bushe, abin da ke ciki ya yi shekaru ba wanda ya gani, kada ka jarraba shi da sara.

Tsatsar da ka gani aikin Legas ne. A Zariya iskar hunturu ce take tsare shi, nan kuwa laima da gishirin teku ba sa barin ƙarfe ya huta, balle da damina. Ka samo tsumma mai laushi da man keken ɗinki, ga shi kana da shi a shago. Ka ɗiga a wurin da ya yi ja, ka bar shi ya kwana, washegari ka murza a hankali, ka maimaita har jan ya daina fitowa a tsumma. Baƙin da ya rage ka ƙyale shi. Kada ka sa manja ko man gyaɗa, suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Kada ka taɓa ruwan da yatsa, gumi yana barin shaida. Sannan kada ka bar shi kwance a cikin kube wata da watanni, fata tana shan laima ta riƙe, ita ce ma take fara cin ƙarfen, ita kuma ta yi funfuna. Ka rataye su daban-daban a bangon ciki, nesa da taga, sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ka riƙa shafa man duk wata da damina.

Idan wani ya zo ya taya, ka sani dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a fitar da shi waje sai da izininta. In kana son a duba maka shekarunsa, gidan tarihi na Onikan yana nan kusa da dandalin Tafawa Balewa, ka fara kai musu hoto.

Kafin wannan duka, ka bugo wa mahaifinka waya a daren nan. Ka tambaye shi a hannun wa kakanka ya samu takobin, a tawagar wane hakimi yake hawa, wane baduku ya ɗinka kuben da hamilar. Ka rubuta a takarda, ka sa a leda, ka ɗaure a jikin hamilar. Ka kuma aiko mini da hoton gindin ruwan ta fuska biyu, in ga tambarin.