Tambaya da Amsa: Sanyin Ingila, Mitar Gas da Kaskon Gawayi

Tambaya, daga wata mai karatu a Manchester: Maƙwabciyata dattijuwa ce 'yar Sudan, tana jin Hausa da Larabci, Turanci kuwa sai gaisuwa. Tana riƙon jikoki biyu, ƙaramin shekararsa uku. Mitar gas ɗinta ta kati ce. A watan Nuwamba ta sa fam 20, kafin ta ankara kuɗin ya tafi, gida bai yi ɗumi ba. Wasiƙun kamfani kuwa tara su take yi a leda ba ta buɗewa. Ta ina zan fara taimaka mata?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka da alheri. Ki fara da ledar nan, amma bari mu gaya miki inda fam 20 ya shiga. Yawanci mita akwai kuɗin da take ci kullum, ko an kunna gas ko ba a kunna ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na fam. Wanda ya daina sa kuɗi daga Afrilu zuwa Oktoba saboda babu sanyi, bashin da ya taru masa ya kan haura fam 50. Ranar da aka sa kati, mita bashinta take fara cirewa. Haka ma kuɗin gaggawa da ake dannawa idan gas ya yanke, rance ne, ba kyauta ba. Maganinsa shi ne a riƙa sa ɗan abin da ya samu kowane mako, har a lokacin zafi.

Sai ki zauna da Hajiya ku kira kamfanin tare, domin ba za su yi magana da ke ba sai ta ba da izini da bakinta. Ki ce a sa ta a Priority Services Register. Rajista ce ta kyauta ta masu buƙatar ƙarin taimako daga kamfani, kuma ta cancanta ta hanya biyu: akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a gidan, sannan ba ta jin Turanci sosai. A nan za ta iya ba da sunanki a riƙa turo miki takardunta. Ki nemi tafinta na Larabci, ya fi na Hausa sauƙin samu. Kada a ɗora wa jika wannan aiki, yaro bai san bambancin bashi da kuɗin da kamfani ya ƙiyasta ba.

Ki faɗa musu ƙarara cewa gas yana yanke mata. Ƙa'idar Ofgem, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin, ta wajabta musu su tsara biyan bashi daidai ƙarfin mutum, don haka ana iya rage abin da mita ke cirewa a mako. Ki kuma duba ko sunanta ne a kan takardar lantarki, saboda rangwamen fam 150 na Warm Home Discount, shirin gwamnati na rage kuɗin lantarki da hunturu, mai sunan yake bi. Idan aka yi mako 8 da kai ƙorafi ba a warware ba, sai Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kamfanonin da masu mita. Ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara, zai taya ku rubutawa, kyauta.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Leeds: Na kashe ɗumin gida gaba ɗaya, na koma ƙaramar hita ta lantarki. Wani ya ce in sayi gawayi in hura kasko kamar yadda muke yi a gida da hunturu. Wanne ya fi araha?

Amsa: Malam, maganar kasko ka bar ta yau, kada ka kai gobe. Ɗakin da ka saba a gida iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da taga. Na Ingila an toshe shi ruf, gilashi biyu ne a taga. Gawayi yana fitar da iskar guba ta kabon monoksaid, ba ta da wari, ba a ganinta. Da ciwon kai da jiri take farawa, mutum ya ce mura ce, ya kwanta, bai tashi ba. Ko garwashin turaren wuta, a buɗe taga tukuna. Kunna murhun girki don jin ɗumi shi ma haɗarin ɗaya ne. Mai gidan haya wajibi ne ya sa a duba na'urorin gas kowace shekara ya ba ka takardar shaida, kuma a Ingila tun Oktoban 2022 dole ya sa ƙararrawar gano wannan iska a ɗakin da boila take, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida.

Hita kuma ga lissafinta. Mai kilowat 2 yunit biyu take sha a awa. Idan yunit yana kan rubu'in fam, awa shida fam 3 ke nan, a wata fam 90, kuma ɗaki ɗaya kawai ta ɗumama. Yunit na lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu. Gara ka kunna boila, ka rage radiyeton (ƙarfen bango mai ɗumama ɗaki) ɗakunan da ba ka shiga, ka tsayar da inda kake zama a digiri 18. Idan boilarka irin wadda ba ta da tankin ruwan zafi ce, ka sauke zafin ruwan radiyeto zuwa digiri 60, gas zai ragu.

Kashe ɗumi ƙurmus yana jawo wata matsalar. Tururin girki da wanki da aka shanya a ɗaki yana kwanciya a bango mai sanyi, sai baƙar fumfuna ta fito a bayan gado da kusurwar taga. Ita ce ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, a Rochdale cikin Disamban 2020, har aka yi doka da sunansa. Ka rufe tukunya idan kana girki, ka buɗe taga minti goma bayan wanka, ka janye gado daga bango kamar faɗin tafin hannu. In ta fito duk da haka, ka ɗauki hoto, ka sanar da mai gida a rubuce, ka ajiye kwafi mai kwanan wata.