Gada ta lalace, kasafin kuɗi bai tanadi gyaranta ba: me ƙaramar hukuma za ta iya yi?

Tambaya: Ruwa ya zaizaye ƙafar gadar da muke bi, har an hana motoci hawa. Da muka kai kuka, sai aka ce babu kuɗin gyara a kasafin bana, mu jira na baɗi. Da gaske ne ƙaramar hukuma ba ta da ikon fitar da kuɗi a irin wannan hali?

Amsa: Allah ya tsare, ɗan'uwa. Kafin maganar kuɗi, fara gano mai gadar. A yawancin ƙasashe an raba hanyoyi tsakanin gwamnatin tsakiya da ta jiha ko lardi da ƙananan hukumomi, kuma ba kowace gadar da ke cikin yankin ƙaramar hukuma ce tata ba. In ba tata ba ce, abin da ke wuyanta shi ne ta kare mutane daga haɗari, ta kuma sanar da mai ita ba tare da ɓata lokaci ba.

In kuwa tata ce, to amsar da aka ba ku ba ta gamsar da ni ba. Kasafin kuɗi hasashe ne da aka yi tun ruwa bai sauka ba, shi ya sa dokokin kuɗi suke barin ƙofofi: asusun ko-ta-kwana, ɗauko kuɗi daga wani aikin da zai iya jira, ko ƙwarya-ƙwaryar kasafi da kansiloli za su zauna su amince da shi. Dokokin ba da kwangila ma sukan yarda a tsallake doguwar gasar 'yan kwangila idan rayuka na cikin haɗari. A Ingila, sashe na 138 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya ba su ikon kashe abin da suka ga ya zama dole idan bala'i ya auku ko yana dab da aukuwa. Akwai kuma tsarin Bellwin, wanda aka kafa a 1983: idan abin da suka kashe kan bala'in ya haura kashi 0.2 cikin 100 na kasafinsu, gwamnatin tsakiya na iya taimakawa da abin da ya ɗoru a kai. A Amurka, gwamnatin tarayya na ware dala miliyan 100 duk shekara don gyaran gaggawa na hanyoyin da ke cikin tsarinta.

Sai dai wannan iko yana da iyaka, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Kuɗin gaggawa na tsayar da ɓarna ne da buɗe hanya: a tokare ƙafar gadar, a jibge duwatsu inda ruwa ke ci, a kafa gadar ƙarfe ta wucin gadi, a gyara hanyar ratse. Sake gina gada daga tushe babban aiki ne da ke bin hanyar kasafi ta yau da kullum, kuma sau da yawa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma. Dubi gadar Hammersmith a Landan, wadda aka buɗe a 1887, mallakar ƙaramar hukumar yankin. An rufe ta ga motoci a Afrilun 2019 saboda tsagewar ƙarfe. An yi aikin ƙarfafa ta, masu ƙafa da masu keke suna wucewa, amma cikakken gyara ya maƙale shekara da shekaru a kan wa zai biya.

Ga shawarata. Ku rubuta takarda, kada ku tsaya ga baki, ku miƙa wa kansilanku da sashen ayyuka, ku karɓi shaidar an karɓa. Ku nemi injiniya ya duba gadar ya rubuta rahoto, domin rahoton ne ke tabbatar da cewa lamarin na gaggawa ne, da shi kuma ake neman tallafi daga sama. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata, ku faɗi wanda rufewar ta shafa, musamman marasa lafiya da 'yan makaranta. Kuma idan kuɗin ya fito, ku tambayi nawa aka kashe da wanda aka ba aikin, don kwangilar da aka bayar cikin gaggawa ita ma dole ta bi ta hannun mai binciken kuɗi.