Tambaya da Amsa: Za mu kai bishara gidan yari a Ghana, da me za mu fara?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun zo ne daga 'yan'uwa masu shirin tafiyar 'yan kwanaki zuwa Ghana domin ziyartar fursunoni.

Tambaya, daga wata shugabar zumuntar mata a Jos: Mu tara ne, maza da mata. Ikilisiyarmu za ta aike mu kwana goma zuwa gidan yarin Nsawam. Wasiƙar fastonmu ta isa a bar mu mu shiga?

Amsa: Mama, ba ta isa ba. Gandiroban da ke bakin ƙofa bai san fastonku ba, kuma ba shi da ikon buɗe wa baƙi daga wata ƙasa. Gidajen yarin Ghana suna ƙarƙashin hukuma ɗaya mai hedikwata a Accra, ita kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Can takardarku za ta fara zuwa, kafin ta sauko wurin jami'in da ke riƙe da Nsawam da limamin gidan, wato faston da ke kula da fursunoni.

Ku nemi ikilisiya ko ƙungiyar da ta riga ta saba shiga gidan, ita ce za ta kai muku takardar ta kuma bi sawunta. Ku aika tun saura wata uku. A ciki a rubuta cikakken sunan kowa yadda yake a fasfo, da lambar fasfon, da ranakun ziyara, da abin da za ku yi, da jerin kayan da za ku shigar. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sauya mutum: wata ta fasa, aka sa ƙanwarta a gurbinta ana saura mako guda. Sunan da ba ya cikin jerin da aka sa wa hannu, mai shi a mota zai wuni.

Nsawam na da gidan maza da gidan mata daban, don haka ku nemi izinin kowanne da sunansa, ku kuma raba kanku tun daga gida. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma katin rigakafin cutar shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. In ta mota za ku bi, iyakoki uku za ku ƙetare tsakanin Seme, iyakar Najeriya da Benin, da Aflao, iyakar Togo da Ghana, a kowacce ana iya tambayar katin.

Tambaya, daga wani dattijon ikilisiya a Gombe: Mun tara tufafi, magunguna da Littafi Mai Tsarki na Hausa kwali biyar. Me ya rage?

Amsa: Baba, abin da ya rage shi ne a sauke rabin kayan nan. Magunguna dai a bar su a gida. Shigar da magani Ghana sai da izinin hukumar abinci da magungunan ƙasar, kuma ko an shigar, ba ku da hurumin miƙa wa fursuna ƙwaya hannu da hannu. Ku tambayi ma'aikacin asibitin gidan abin da yake nema, ku saya a Accra, ku miƙa masa a gaban shaida da rasit. Sau da yawa maganin ƙazuwa zai ambata, domin inda mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa ba a rasa ta.

Littattafan kuma, Nsawam ƙasar masu jin Twi ce. Akwai masu jin Hausa cikin fursunoni, musamman 'yan zango, amma mafi yawansu Musulmi ne, kuma jin Hausa daban, karanta ta da boko daban. Kwali ɗaya na Hausa ya wadatar. Sauran kuɗin a sayi na Twi da na Turanci a can, masu bango mai laushi. A haɗa da tabarau na karatu masu firam ɗin roba, lamba +1.50, +2.00 da +2.50, domin dattijon da ya karɓi littafi ya kasa ganin baƙi bai ƙaru da komai ba.

Abin da aka fi buƙata ba ya da kwarjini: sabulu, garin rogo, sukari, man goge baki, silifa, da audugar mata. An yi shekara da shekaru a baya kuɗin abincin fursuna ɗaya a Ghana yana cedi 1.80 a rana, to kun ga darajar mudun gari. Kafin ku sayi komai ku tambayi adadin mutanen sashen da za ku shiga, ku ƙara goma bisa ɗari a kai. Sabulu 300 ga mutum 340 ba kyauta ba ce, faɗa ne kuka bari a ɗaki bayan an kulle. In kuɗin bai kai ba, a sayi doguwar sandar sabulu a yanka ta daidai wa daida tun a masauki, don wuƙa ba za ta wuce ƙofa ba. Haka kwalba, gwangwani, reza da igiya. A zuba komai a leda mai nuna ciki, binciken zai yi sauri.

Tambaya, daga wani matashi a Kaduna: Wasu cikinmu sun ce a raba kayan ga waɗanda suka zo sujada kawai, don a jawo mutane. Daidai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba daidai ba ne. Mai jin yunwa zai ɗaga hannu ga duk abin da aka ce masa, ku koma gida da lissafin tubabbu wanda limamin gidan ya san ba gaskiya ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a ƙa'ida ta 65 kada a hana fursuna ganin malamin addininsa, in kuma ya ƙi ziyarar wani malami a mutunta ƙin nasa. A raba kaya ɗaki-ɗaki ta hannun jami'ai, Kirista da Musulmi da wanda ba ya bin kowa. Sujada kuma a yi shela, mai so ya zo. Ku gaisa da limamin Musulmi na gidan, kuma kada mai wa'azinku ya taɓa addinin wani.

Wa'azin ma a taƙaita. Minti ashirin da tafinta minti arba'in ne, ga ƙidayar fursunoni da ba ta jiran kowa. Waƙa biyu, karatu, saƙo ɗaya, sai a bar lokacin zama da mutane a saurare su. Kada a tambayi kowa laifin da ya kawo shi.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Zariya: In fursuna ya roƙe ni lambar waya ko ya ba ni wasiƙa in kai wa iyalinsa fa?

Amsa: Malama, zai roƙa, kuma zai ba ki tausayi. Kada ki karɓi takarda, kada ki ba da lamba, kuɗi ko adireshi. Fitar da saƙo ba tare da sanin jami'ai ba laifi ne, kuma ba ke za ki biya ba: ke kin tafi bayan kwana goma, waɗanda suka tsaya muku ne za a rufe wa ƙofa. Wayarki ma a bakin ƙofa za ki bar ta, hoto kuwa sai da izini a rubuce.

Kalmar da za ki kiyaye ita ce “zan yi ƙoƙari”. A kunnen wanda ya shekara uku yana jiran shari'a, alkawari ce. Ki ce masa za ki faɗa wa limamin gidan, ki kuma faɗa kafin ki fita. Ghana tana da shirin da ta fara a 2007 inda alƙalai ke zama cikin gidan yari su duba shari'ar masu jiran hukunci, kuma limamin ya san hanyar sa suna a gaba. In ɗan Najeriya ne, yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Accra. Ki rubuta sunansa da sashen da yake a gaban jami'i, ki miƙa wa shugaban tawagarku, shi ya kai ofishin kafin ku kamo hanyar Aflao.